Amsa ga mai tambaya kan zanen matakalar masana'anta da ya zo da Faransanci

Salamu alaikum 'yan uwa. Injiniya, na saurari saƙonka, ka ce an turo maka zanen matakalar ƙarfe daga Yamai da Faransanci, kana so ka juya shi Turanci don masu walda a Kano. To, kafin ka buɗe ƙamus, nemi ƙa'idar ISO 14122 kashi na 3. Ita ce ta matakala da shingen kariya a wurin injuna, kuma akwai ta da harsunan biyu. Ka ajiye su gefe da gefe, kalmar da ƙa'idar ta ɗauka ita za ka ɗauka.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne giron. Da yawa sai su rubuta tread, alhali tread ita ce marche, wato farantin da ƙafa ke takawa. Shi giron awo ne, tazarar kwance daga bakin wannan taki zuwa bakin na gaba, Turawan Ingila na ce masa going. A matakalar masana'anta kowane taki yana ɗan shiga ƙarƙashin na samansa, ƙa'ida ta ce aƙalla milimita 10, don haka faɗin faranti ya fi giron. A ce tsayin bene milimita 2880 ne, hawa 16 kenan na 180, giron 250, faranti 280. Idan mai walda ya ɗauki 280 a matsayin tazara, taki 15 sau 30, matakala ta ƙara tsawon milimita 450 a ƙasa, ba za ta sauka kan kankaren da aka zuba mata ba. In kuma ya sayo faranti 250, babu shigar nan, ƙafa na iya zurmawa ta baya tunda yawanci ba a rufe tsakanin taki. Ka gwada da lissafin Blondel: hawa sau biyu a tara da giron ya faɗa tsakanin 600 da 660. Namu 610, ya yi daidai. In lissafin ya fita daga nan, ka koma ka duba fassararka.

Hauteur de marche ka sa rise. Contremarche kuwa riser ne, farantin tsaye da ke rufe tsakani, kada ka haɗa su. Limon stringer ne, ƙarfen gefe mai ɗauke da taki. Palier landing, volée flight, nez de marche nosing, waɗannan ba su da rigima. Emmarchement faɗin matakala ne, ba adadin taki ba. Échappée headroom, sararin da ke saman kai, milimita 2300 mafi ƙaranci.

Sai kalmomin da ke da ma'ana biyu, su nake so ka nutsu a kansu. Trémie a zanen matakala ramin da aka bari ne a daɓen bene don matakala ta ratsa, ka rubuta floor opening. Amma a kamfanin siminti ko na sarrafa shinkafa trémie mazurarin zuba kaya ne, hopper, kuma duka biyun na iya fitowa a takarda ɗaya. Ka bi kibiyar ka ga abin da take nunawa. Haka plinthe, manhajar fassara za ta ba ka skirting na ɗaki. A nan toe plate ne, ƙarfen ƙasan shinge mai tsayin milimita 100 aƙalla, wanda ke hana sifana ko kusoshi gangarowa kan wanda ke ƙasa. Mai walda in ya ga skirting sai ya zaci ado ne, ya cire don rage kuɗi.

Garde-corps guardrail ne, shingen kariya mai tsayin milimita 1100 a kan dandamali, main courante kuma handrail, abin riƙewa. Idan ka kira su duka handrail, za a yi maka shinge gajere. Lisse intermédiaire knee rail, sandar tsakiyar shinge, kuma giɓin tsakanin sanduna kada ya wuce milimita 500. Caillebotis grating, ragar ƙarfe da ake takawa, tôle larmée chequer plate, farantin ƙarfe mai ƙyasƙyastu don hana santsi.

Lambobi ma suna buƙatar fassara. Faransawa da waƙafi suke raba lamba, 1,10 m na nufin mita ɗaya da santimita goma, ka mayar da shi ɗigo ko ka rubuta komai da milimita, wannan ya fi aminci. UPN 200 (siffa da girman ƙarfe) da S235JR (ajin ƙarfinsa) ka bar su yadda suke, kada ka musanya da wani ƙarfen da ke kasuwa sai wanda ya yi lissafin nauyi ya amince a rubuce. Galvanisé à chaud kuma hot-dip galvanized ne, ba fentin azurfa ba, a huda ramukan noti kafin a kai tsomawa.

Ka ɗauko hoton akwatin bayanin da ke kusurwar zanen ka turo nan, mu ga ko ISO suka ambata ko NF E85-015 ta Faransa, domin da ƙa'idar da suka ambata za a karɓi aikin.