Ganin likita ta waya da karatun lafiya a inda sabis ke wahala

Tambaya: Salam malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin sha-ka-tafi a wani kauye a Jigawa, bamu da likita. Ina tura wa wani likita a Dutse hoton ciwo ko na kirji ta WhatsApp amma kullum sai yace hoton bai fita ba. Kuma ina so in karo ilimi ta intanet, ga sabis dinmu sai a hankali. Ya zanyi?

Amsa: Wa'alaikumus salam hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan kokari. Laifin ba lallai na wayarki bane, WhatsApp ne yake matse hoto kafin ya tura don kar ya ci data, to a nan kananan abubuwan da likita yake nema suke bacewa. In zaki tura ki danna alamar makala fayil ki zabi inda aka rubuta Document, sai hoton ya tafi yadda aka dauke shi, ko kuma ki taba HD a sama kafin ki tura. Ki goge gilashin kyamara, ki dauka a hasken rana ba da filasha ba, ki ajiye rula ko murfin sirinji kusa da ciwon don ya gane girmansa. Hoton kirji kuwa in babu akwatin hasken da ake dora shi a duba, ki bude farin shafi a kwamfuta ki kure hasken ki dora shi akai a daki mai duhu. Abin da nafi rokonki dai, ki nemi izinin mara lafiya, ki rufe sunansa, kar fuska ta fito in ba dole ba, kuma ki goge hoton daga wayar bayan an gama, saboda wayoyinmu yara na dauka kuma ana kai su wajen caji.

Maganar karatu, akwai Project ECHO wanda Dakta Sanjeev Arora ya fara a jami'ar New Mexico a Amurka a 2003, lokacin da masu ciwon hanta na C suke jira watanni kafin su ganshi, sai ya koma koyar da ma'aikatan karkara ta bidiyo, su kawo matsalar mara lafiyarsu a tattauna. Yanzu ana yinsa a kasashe da yawa har Najeriya, ta Zoom. Makwabtanmu na Nijar kuma suna cikin RAFT, wani shirin koyar da ma'aikatan lafiya da tuntubar likitoci ta intanet, wanda aka fara a Mali tare da asibitin jami'ar Janiba ta kasar Suwizalan, kuma tun farko an gina shi ne don intanet mara karfi. Bidiyon Zoom zai iya lashe wajen rabin giga a awa daya, don haka ki kashe kyamararki ki bar murya kawai, darasin da aka nada kuma ki sauke shi da dare ko ranar da kika shiga gari.

Tambaya: Malam ni karamar waya gareni mai tocila, shin zan iya ganin likita da ita ko sai babba?

Amsa: Zaka iya malam, an ma yi. A Ruwanda kamfanin Babyl ya fara a 2016, mutum ya danna lambobi irin yadda muke duba kudin waya, a bashi lokaci, nas ko likita ya kira shi, a turo masa lambar karbar magani ko gwaji ta tes. Sai dai uwar kamfanin da ke Ingila ta karye a 2023 aka rufe Babyl, abin da ya bani takaici sosai don mutanen karkara ne suka fi asara. Indiya kuwa gwamnati ce ta rike nata, eSanjeevani, tun 2019, ka je karamin asibiti ma'aikaci ya hada ka da babban likita ta bidiyo, shi ya auna maka jini da zafin jiki tunda waya bata taba mutum. Wannan tsarin nafi so a kawo mana.

Kafin ka biya kowa a intanet ka tambayi lambar rajistarsa ta hukumar likitoci MDCN. In kuma ciwon kirji ne mai tsanani, ko zubar jini ga mai ciki, ko yaro na jijjiga, kar ka tsaya neman sabis, a nemi mota a tafi asibiti.