Hukuncin Sayen Tsohuwar Motar Amurka da Aka Mai da Ita Yarinya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin birnin Houston ne a jihar Texas, kuma na daɗe ina sha'awar tsofaffin motocin Amurka. Na samu Chevrolet Bel Air ƙirar 1957 a jihar Arizona, an gyara ta tas, mai ita yana neman dala 62,000. Hotuna da bidiyo kawai na gani. Ya ce injinta na asali ne, amma takardar cinikin ta ce an sayar da ita "a yadda take", babu mayarwa. Yana so in tura dala 2,000 kafin alƙalami, in na fasa sun zama nasa. Dala 50,000 ke hannuna, ragowar ina tunanin karɓar rancen banki. Yayana ya ce almubazzaranci ne, tunda ina da motar zuwa aiki. Mene ne hukunci? In na saya, akwai zakka a kanta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, motar kanta halal ce. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 8, ya halicci dawaki da alfadarai da jakuna domin ku hau su, kuma domin ado, kuma yana halittar abin da ba ku sani ba. Ka lura an ambaci ado tare da hawa, don haka wanda ya sayi abin hawa saboda kyansa bai saɓa ba. Maganar yayanka tana da gurbi, sai dai almubazzaranci ba a auna shi da yawan kuɗi kaɗai, ana auna shi da halin mai kashewa. A hadisin Abu Huraira na Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya kasa masu dawaki uku: wanda doki ya zame masa lada, da wanda ya zame masa sutura saboda bai manta haƙƙin Allah a cikinsa ba, da wanda ya zame masa zunubi saboda ya ɗaure shi don alfahari da riya. Kai ka san inda zuciyarka ta faɗa. Idan ba a bin ka bashi, iyalinka da iyayenka ba su rasa komai ba, kuma ka sauke faralin Hajji, babu mai ce maka ka yi haram. Idan ba ka je Hajji ba, kuɗin da ke hannunka sun riga sun sa ka cikin masu iko, Makka ce gaba da Arizona.

Rancen banki mai kuɗin ruwa kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Riba ce, aya ta 275 zuwa ta 279 a Suratul Baƙara sun rufe ƙofarta. Ko malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen Turai da Amurka, a kan gidan zama suka yi magana saboda matsananciyar buƙata, kuma sun sha raddi. Motar yawon ƙarshen mako ba ta kusanci lalura ba. Ka jira kuɗinka su cika, ko ka nemi ragi, ko mai motar ya yarda ka biya shi kashi-kashi a kan farashi ɗaya da aka yanke tun farko, wanda jinkiri ba ya ƙara shi.

Inda nake so mu tsaya shi ne cinikin. Motar da ta haura shekara sittin, ba ƙarfenta ake biya ba, siffarta ake biya: wace ƙira ce, me ya rage na asali, me aka canza. Na tambayi masu sanin waɗannan motoci, domin a babin aibi fiƙihu ga masana sana'a yake mayar da mu. Sun ce a 1957 kamfanin ya fitar da bodi iri ɗaya a matakai uku, 150 da 210 da Bel Air, kuma ba wuya a ɗauki 210 a liƙa mata kayan adon Bel Air a tsuga mata kuɗi. Lambar shasi da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ita ke tona asiri. Bel Air mai inji V8 lambarta tana farawa da VC57, 210 kuwa harafin B ne a gurbin C ɗin. Sun kuma ce a wancan lokacin ba a buga lambar shasi a jikin injin, iyakar abin da ake karantawa ranar da aka ƙera shi da irinsa. Ke nan kalmar "injinta na asali ne" ba ta da hujja yankakkiya, sai dai a ce injin ya dace da shekarar. Mitar tafiyarta ma lamba biyar ce ta mil, in ta kai 99,999 sai ta koma sifili, don haka abin da ta nuna ba shaida ba ne.

Gyara ba laifi ba ne. Wanda ya cire tsatsa, ya sa sabon ƙarfe, ya yi fenti, ya faɗa, sana'a ya yi. Laifin yana ga wanda ya cusa fila, wato ƙullin cike ramin bodi, a ramin tsatsa ya shafe da fenti ya yi shiru. Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san wannan aiki. Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Annabi (SAW) ya kuma hana a ƙi tatsar dabba don hantsarta ta cika a yaudari mai saye, ya ba wanda aka yaudara zaɓin mayarwa. Daga nan Shehu Khalil ya ce a Mukhtasar yaudara ta aiki daidai take da sharaɗi, ya buga misali da shafa tawada a rigar bawa don a ɗauka marubuci ne. Alamar Bel Air a jikin 210 ita ce wannan tawadar. Ya kuma ce ana mayar da kaya idan aka rasa siffar da aka sharɗanta wadda mai saye ke da manufa a kanta.

To, "a yadda take" fa? Malamai suna kiransa cinikin bara'a, wato mai sayarwa ya wanke hannunsa daga kowane aibi. Hanafawa sun inganta shi. Mashhurin mazhabar Malik bai yarda da shi a irin wannan kaya ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa bara'a, mai saye ya sami cuta a jikinsa, Sayyidina Usman ya hukunta Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba. Ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. Abin da na rinjayar shi ne wannan sharaɗi yana kare mai sayarwa daga aibin da bai sani ba, ba ya kare shi daga wanda ya sani ya ɓoye. Wannan ya dace da tsohuwar mota, domin babu mai iya lamunce kowane ƙusa a cikinta. Sai dai kai a Amurka kake, kuma in rigima ta tashi takarda za a duba. Saboda haka duk abin da ya faɗa maka da baki, a rubuta shi cikin takardar: ƙirar, lambar shasi, lambobin inji, wuraren da aka yi walda ko aka sa fila, da ko ta taɓa haɗari. In ya ƙi rubuta abin da bakinsa ya faɗa, ka riƙe kuɗinka.

Sayen abin da ba ka gani ba bisa siffantawa ya halatta a wurinmu Malikawa, amma Ibn Abi Zaid ya ce a Risala ba a sharɗanta biyan kuɗi a kansa sai in yana kusa, ko ya zama abin da ba a tsoron canzawarsa kamar gida da fili. Hoto kuma abin da mai ɗauka ya so yake nunawa. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da kanka, ko ka biya makaniken da bai san mai motar ba ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta, ya bi bodin da maganaɗisu, domin ba ya kama inda fila ta yi kauri. Kuɗin jirgi daga Houston zuwa Phoenix, babban birnin Arizona, ba komai ba ne a gefen dala 62,000.

Kafin alƙalamin da ba a mayarwa shi ne arbun. Malik da Shafi'i da Abu Hanifa sun hana, Imam Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Brunei a 1993 idan an iyakance lokacin jira. Mafita daga saɓanin ita ce a rubuta cewa za a dawo maka da kuɗin in cinikin bai faɗa ba. In ya dage, ina ganin babu laifi ka bi fatawar majalisar, da sharaɗin a sa kwanaki sanannu, kuma a rubuta cewa in bincike ya saɓa wa siffar da ya bayar, kuɗinka za su dawo. Mai fasawa don ra'ayinsa shi ke asarar arbun, wanda aka yi wa ƙarya ba ya asara.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Sai a 1968 dokar tarayyar Amurka ta wajabta bel ɗin kujera a sababbin motoci, kuma birkin wannan mota na tsohon yayi ne mai layin mai guda ɗaya, in ya tsiyaye birkin duk ƙafafu huɗu ya tafi. In za ka ɗauki 'ya'yanka a ciki, ka sa bel ka gyara birki, ko da masu son asali za su ce ka rage mata daraja. Ran da za ka sayar kuma, ka faɗi duk abin da ka canza.

Zakka tana bin niyyarka ranar saye. In don hawa da sha'awa ka saya, babu zakka a kanta ko da darajarta ta ninka, saboda hadisin Bukhari da Muslim cewa babu sadaka a kan Musulmi a cikin dokinsa. Tunanin "wataƙila wata rana in sayar" ba ya mai da ita hajar kasuwa. In kuwa ka saya ne don ka ajiye ta yi tsada ka sayar, to a mazhabar Malik kai mai dakon kasuwa ne: ranar da ka sayar za ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗin, na shekara ɗaya, matuƙar shekara ta zagayo kan jarin. Sauran mazhabobi sun ce ka yi mata kima duk shekara ka fitar. Kuɗin da kake tarawa yanzu kuwa, sun wuce nisabi, zakkarsu tana kanka duk shekarar da ta zagayo suna hannunka.

Wallahu a'alam.