Taura biyu: amsar maigida ga yaronsa kan zanen gini da harkar fim

Ɗana, saƙonka ya same ni a wurin aiki, ana tsaka da zuba dakin, wato rufin kankare, shi ya sa na bari sai dare. Ka ce abokanka masu shirya fim sun nemi ka riƙa tsara musu ɗakunan da za su yi ɗauka a ciki, mahaifinka kuma ya ce maka taura biyu ba ta taunuwa. Ka ce ka ji labarin wani mai zanen gine-gine ɗan Bangaladash da ya haɗa sana'o'in biyu har ya ci lambar yabo, kana tambaya ko abin yana yiwuwa, ko kuwa zai ɓata maka hannu.

Mutumin da ka ji labarinsa sunansa Enamul Karim Nirjhar. A Dhaka yake, ya karanta zanen gine-gine a jami'ar injiniyanci da fasaha ta Bangaladash, wadda suke kira BUET, yana kuma da kamfaninsa na zane mai suna System Architects. Yana ɗaukar hoto, yana rubuta waƙoƙi. A 2007 ya fitar da fim ɗinsa mai suna Aha!, ya karɓi lambar gwarzon darakta ta ƙasa a kansa, ƙasar kuma ta tura fim ɗin gasar Oscar ta Amurka a matsayin wakilinta. Wannan shi ne abin da kowa ke faɗa. Abin da nake so ka tsaya a kai shi ne labarin da ya zaɓa ya bayar.

Labarin wani dattijo ne da ke zaune a tsohon gidan gado a cikin tsohuwar Dhaka. Masu gina benaye na sayarwa sun sa wa gidan ido, suna lallaɓa shi ya yarda a rushe a tayar da dogon bene. Ana cikin haka 'yarsa ta dawo daga ƙasar waje da ɗanta, aure ya ƙi daɗi. Ka lura da kyau, wannan ba labari ne da ya tsinto a hanya ba. Hira ce da ake yi a ofishin kowane mai zane a Dhaka. Tsarin da aka saba a can shi ne mai fili ya ba kamfani filinsa, kamfani ya rushe abin da ke kai ya gina bene, sannan a raba gidajen da ke ciki tsakanin mai fili da kamfani. Mai fili bai fitar da ko sisi ba, ya samu gidajen haya. Wa zai ƙi? Amma tsakar gida ta tafi, bishiyar da kaka ya dasa ta tafi, barandar da ake shan iska ta tafi, kuma wanda ake kira ya zana abin da zai maye gurbinsu ɗan sana'armu ne. Nirjhar ya san wannan ciniki ta ciki. Ya san yadda mutumin kamfani ke zama a kujerar baƙo yana lissafa murabba'in ƙafa, ya san shirun da mai gida ke yi kafin ya amsa. Akwai maganar da takardar zane ba ta da wurin rubuta ta, sai ya kai ta gaban kyamara.

Ba shi ne na farko ba ma. Tun 1979 wani mai zanen gine-gine, Masihuddin Shaker, ya haɗu da Sheikh Niamat Ali suka shirya Surja Dighal Bari, fim na farko da aka yi da tallafin gwamnatin ƙasar. Sunan kansa maganar gini ce: gidan da ya miƙe daga gabas zuwa yamma, yana bin hanyar rana, wanda mutanen ƙauye suka camfa cewa ba a zama a cikinsa a wanye lafiya. Wata mata da yunwar 1943 ta kora birni ce ta dawo da 'ya'yanta ta zauna a ciki. Ka ga shi ma gida ne a tsakiyar labarin. Dukkansu biyun da abin da suka sani suka shiga fim, ba su je hannu rabbana ba.

To, ina sana'o'in suka haɗu? A wurin ido da ƙafa. Ka tuna ranar da na hana ka zana gaban gida kafin ka gaya min abin da baƙo zai fara gani idan ya yi sallama a zaure? Daga rana mai zafi ya shiga duhun zaure, idonsa ya huta, ya karya kwana a soro na biyu don kada ya hango matan gida, sannan tsakar gida ta buɗe masa da haske. Magabatanmu magina sun jera wannan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda edita ke jera fitowa bayan fitowa. Gini ba a ganinsa gaba ɗaya, da tafiya ake ganinsa, fim ma haka. Taga kuwa, ai ita ce ke zaɓar wa mai ɗaki abin da zai gani a waje da abin da za a ɓoye masa, aikin da mai kyamara ke yi ke nan duk lokacin da ya saita hoto.

Sai haske, wanda a nan ne mutanen Bangaladash suka yi nisa. Ƙasarsu ba ta da dutse sosai, laka ce da koguna suka tara, don haka jan bulo ne abin gininsu, har farfasa shi suke yi ya zama tsakuwar kankare. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya na watanni, ga zafi mai ɗanshi. Dole mai zane ya koyi shigo da iska da haske ba tare da ya shigo da ruwa da rana ba. Ka nemi hotunan masallacin Bait Ur Rouf da Marina Tabassum ta zana a gefen Dhaka, wanda ya ci lambar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2016, lambar da masallacin Yama na jihar Tawa ya ci a 1986. Ba kubba, ba hasumiya, ba ado. Ƙananan huji ta bari a rufin, rana na zubo ɗige-ɗigen haske a ƙasa, suna matsawa daga hantsi zuwa la'asar, alƙibla kuma wata siririyar tsaga ce a bango da haske ke shigowa ta cikinta. Wanda ya iya wannan lissafi, idan ka ba shi fitilun ɗaukar fim ba zai ruɗe ba. Ta wannan fuskar aikin da abokanka suka kira ka zai ƙara maka ido. A wurin ɗauka, a yini guda za ka ga yadda fuskar mutum ke canzawa idan haske ya zo ta gefe ko ta sama, abin da a gini sai ka jira an cire katakon dakin kafin ka gani.

Yanzu ga inda suka rabu, kuma nan ne tsoron mahaifinka yake da tushe. Bangon fim fuska ɗaya gare shi. Filawud ne da fenti, a baya an tokare shi da katako biyu da buhun yashi. Ana so ya tsaya na kwana uku, ya yi kyau daga inda kyamara take, shi ke nan. Ba laifi ba ne, haka sana'ar take, kuma gwanintarta ke nan. Amma hannu yana sabo. Wanda ya shekara yana jin "ai ba za a gani ba" yana iya ɗauko wannan magana ya kawo ta inda ake ɗaura rodi, alhali a aikinmu abin da ba a gani shi ke riƙe da rai: zurfin fandisho, kaurin rodi da tazararsa, yawan siminti a kwaɓi, kwanakin da aka yi ana ba kankare ruwa.

A ƙasar su Nirjhar ɗin aka ga ƙarshen wannan sakaci. Ranar 24 ga Afrilu 2013, benen Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a Savar, kusa da Dhaka. Mutum 1,134 suka rasu, mafi yawansu masu ɗinkin tufafi, wasu kimanin 2,500 suka ji rauni. An tsara ginin ne don shaguna da ofisoshi, sai aka ƙara hawa a sama ba da izini ba, aka cika shi da kekunan ɗinki da manyan janareto masu girgiza. Ana gobe abin zai faru an ga tsagewa a jikin ginin, aka fitar da mutane, washegari aka ce ma'aikata su koma. Duk lokacin da na tsaya a kan birkila ina cewa a sake, wannan ranar tana raina. Idan bangon fim ya faɗi, darakta zai ce a sake ɗauka. Mu ba mu da ɗauka ta biyu.

Akwai kuma bambancin lokaci, wanda matasa ba sa son ji. Fim wata kaɗan ne a gama, a sa sunanka a allo, a tafa maka. Gida kuwa sai ka shekara biyu kana fama da mai gida da 'yan kwangila da tsadar siminti, a ƙarshe a yi walimar tarewa ba wanda ya ambace ka. Yabon da ke zuwa da wuri yana da zaƙi, yana kuma sa mutum ya ga ɗayan aikin kamar wahalar banza. Na taɓa samun yaro mai hannu, wanda zanensa ya fi na duk sa'o'insa tsabta. Ya tafi irin wannan aiki kafin ya taɓa raka gini ɗaya daga haƙa zuwa fenti. Bayan shekaru ya dawo yana neman kwangila, ya iya sa ɗaki ya yi kyau a hoto, amma bai san inda zai bi da ruwan wanka ya fita daga gida ba. Har yau abin yana damuna, domin ni ma da laifina, ban zaunar da shi na yi masa irin wannan bayani ba.

Saboda haka ban hana ka ba. Ka je, amma da sharaɗi. Shekararka biyu ke nan a hannuna, ba ka kai gini ko ɗaya ƙarshe ba tukuna. Gidan da muke yi yanzu naka ne ka raka shi har a miƙa makulli, kuma ranar zuba kankare ko ɗaura rodi ba ranar lokeshan ba ce, ko nawa za su biya ka. Asabar da Lahadi naka ne. Idan ka je, kada ka tsaya a jera kujeru da labule. Ka tambayi darakta waye mai ɗakin nan a labarin, me yake ci, nawa yake samu, shekara nawa ya yi a ciki, sannan ka sa bangon ya faɗi haka: inda hayaƙin risho ya taɓa, inda yara suka goga hannu, ƙusar da aka cire kalanda aka bar ta. Ka tsaya kusa da mai kyamara ka ga abin da yake gani. Duk abin da za a hau ko a jingina da shi, matakala ce ko baranda, ka gina shi kamar na gaske, domin ɗan wasa ma mutum ne mai ƙashi.

Ka kuma fara abin da zai amfane ka ko ka yi fim ko ba ka yi ba. Tsofaffin gidajen ƙasa na cikin gari suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ana maye su da shaguna. Ka ɗauki tef da littafi da wayarka, ka nemi izinin masu gida, ka auna zaure da soro da kaurin katanga, ka ɗauki hoton ɗaurin guga da jerin azara, ka zauna da tsohon gidan ya gaya maka wa ya gina, wa aka haifa a wane ɗaki. Idan wata rana kana da labarin da za ka kai gaban kyamara, daga cikin wannan littafi zai fito.

Mahaifinka kuma ka bar min shi, zan je in same shi bayan sallar Juma'a in yi masa bayani da kaina. Gobe ka riga ni zuwa, ka duba ko an ba dakin ruwa tun da asuba, ka kuma zo da zanen matakalar nan, akwai gyara a hawa na bakwai.