Muryar Majo: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙaninta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kwananku, ina gajiya, yaya iyali? Ku yi mini afuwa, jiya na kwana wurin aiki, sai yanzu na samu na saurari saƙonni.

Ƙanwata da kika turo tambaya ta hannun shugabar zaure, na ji ki, kuma ba zan ambaci sunanki ba. Kin ce ƙaninki ya dawo daga bida, shekara shida da suka wuce an auna shi an ce yana ɗauke da ƙwayar VIH mai kawo ciwon SIDA, bai yarda ba, bai sha magani ba, don lafiyarsa lau yake ji. Yanzu wata biyu ke nan yana zawo, ya rame, bakinsa ya yi fari, mutanen gida wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa SIDA ce ta riga ta gama da shi. Kina tambaya ko akwai sauran abin yi.

Akwai, ƙanwata. Wallahi akwai.

Bari in fara raba miki abu biyu da mutane ke haɗawa. Ɗaukar ƙwayar daban, SIDA daban. Ƙwayar tana shiga jiki ta riƙa cin sojojin jini da muke kira CD4. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1500 a ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Shekara da shekaru tana cinsu a hankali, mutum na noma, yana kasuwa, yana aure, ba abin da ke damunsa. In ba a sha magani ba, yawanci shekara 8 zuwa 10 ake yi kafin a kai ga SIDA, wato lokacin da sojojin suka yi ƙasa da 200 ko wasu manyan cututtuka suka shigo. To tsakanin lokacin shirun nan da SIDA akwai wani zango da jiki ke fara kuka. Abin da kika faɗa mini ya yi kama da wannan zangon. Na ce ya yi kama, don ban gan shi ba, kuma awon jini ne kaɗai zai faɗi inda ya tsaya.

Kukan nan ba da ƙarfi yake farawa ba, shi ya sa ake raina shi. Kaluluwa a wuya ko a hammata da ta ƙi sacewa. Mura da ciwon maƙogwaro da ciwon kunne, yau a warke gobe su dawo. Gefen baki ya tsage. Ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙafa, su bar baƙin tabo. Akwai kuma wanda muke ce wa zona a likita, ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a gefe guda na jiki, su bi haƙarƙari kamar an ɗaura rabin ɗamara, da zafi kamar an ɗora garwashi. Zona na iya kama tsoho ko wanda ba shi da ƙwayar ko kaɗan. Amma in na ga saurayi ɗan shekara 30 da ita, ba na barinsa ya tafi ban roƙe shi ya yi awo ba.

In aka ƙara gaba, sai abin ya yi nauyi. Zawo ya wuce wata guda. Masassara ta wuce wata guda, a sha maganin palu ta ƙi tafiya. Zufar dare har zane ya jiƙe. Farin abin nan ya rufe harshe da cikin kumatu kamar an shafa kindirmo, in ka goge sai ka ga wurin ja, tuwo ma ya gagara ci. Sai rama. Mu a wurin aiki muna duba kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum: mai kilo 60 in ya zubar da fiye da kilo 6 ba gaira ba dalili, hankalinmu ya tashi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta kasa ciwon nan mataki 4, waɗannan na ƙarshe da na lissafa suna mataki na 3. Ba wasa ba ne, kusa da bakin rami ne. Amma daga nan na ga mutane da yawa sun juyo.

Akwai wani bawan Allah da ba na mantawa. Direba ne, matarsa ta kawo shi. Da ya kwanta zan duba cikinsa sai na ga bel ɗinsa da sababbin huda uku, da ƙusa ya huda su da kansa, kowace huda wata guda. Kafin ya zo mana, sau uku ana yi masa maganin taifot a wani wuri, ya sha jiƙe-jiƙe, ya sayi ƙwayoyin masu yawo da tire, an sayar da tunkiyar matar. Ba wanda ya ce masa zo a ɗiga jinin yatsanka. Wannan abin har yau yana ci mini rai, don awon bai fi minti 20 ba. Ya fara magani, bayan wata shida ya shigo yana dariya, ya ce Majo bel ɗin nan ya matse ni.

Saboda haka gobe da safe, ba jibi ba, ki ɗauke shi ku je ƙaramar likita ta CSI ta unguwarku ko babbar likita ta CHR a nan Maradi. Za a sake auna shi don a tabbatar. Maganin ARV, wato mai danne ƙwayar, kyauta ne a Nijar, kada kowa ya ce ku kawo jika kaza don a ba ku shi. A da sai an jira sojoji sun ragu kafin a fara bayarwa, amma tun 2015 OMS ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi ba jira. Yawancin manya yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, an haɗa magani uku a cikinta. Za su iya haɗa masa da Cotrim don ya tare masa wasu cututtukan ciki da na huhu, su kuma ba shi na farin bakin.

Ki faɗa musu in yana tari, ko da kaɗan ne. Tarin fuka shi ne ya fi kashe masu ɗauke da ƙwayar nan, kuma yana warkewa da maganin wata shida. In an same shi da shi, na tarin ake fara ba shi, na ARV ya biyo baya ba da jimawa ba. In kuma kika ga ciwon kai mai tsanani, ko wuya ya sanƙare, ko ya fara sambatu, ko numfashi na yi masa wuya, kada ku jira gari ya waye.

Maganar sammu, ni ba zan hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A yi addu'a, a sha magani. Abin da nake roƙo kada a dura masa jiƙon da zai ƙara masa zawo, jikinsa ba shi da ruwan da zai zubar. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, da kunu, da fura mai tsabta, kaɗan-kaɗan.

Kuma don Allah kada a ware masa kwano. Ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko buta, ko gaisawa, ko sauro. Rezarsa dai ta zama tasa shi kaɗai.

Kin ce yana da mata da jinjiri. Nan ne wurin da ya fi wuya, na sani. Dole ita ma a auna ta, da yaron, don in tana da ƙwayar tana shayarwa, maganin da za ta sha shi zai kare ɗan. Ba ke za ki faɗa mata ba, ki lallashe shi ya faɗa da bakinsa, ko su zo tare mu taya shi. In ya riƙe magani har awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa, ba zai sa wa matarsa ta wajen kwanciya ba.

In ya ƙi zuwa don kunyar a gan shi, ki biyo ni ta gefe, mu san lokacin da ba mutane sosai. Ku zo da tsohuwar takardar awon in tana nan. Allah ya ba shi lafiya, ki gaida mini su Inna.