Ɗana yana da asma, kakarsa ta hana shi inhela: ta ina zan fara?

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara takwas, an gano yana da asma tun bara. An ba mu inhela biyu, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, amma kakarsa ta ce idan ya saba da su ba zai iya rabuwa da su ba har abada. Shi kuma kunya yake ji ya fito da ita a makaranta. Me ya kamata in koya masa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Tsoron da kaka take yi ba ita kaɗai ba ce, kusan kullum sai na ji shi a ɗakin duba yara. A gaya mata cikin ladabi cewa inhela ba ta sa jaraba. Yaron da ake gani yana yawan ɗaukarta, ciwon ne bai lafa ba. Ƙari ma, maganin da aka shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, don haka ɗan kaɗan ya isa, ba kamar sirop ko ƙwaya ba da sai sun zaga jiki duka, su sa rawar hannu da bugun zuciya. Idan da hali, ku zo da ita asibiti ta ji da kunnenta.

Ɗan shekara takwas ya isa ya san ciwonsa. Ki nuna masa tiyon ruwa, ki taka shi kaɗan ya ga yadda ruwan ke raguwa. Haka hanyoyin iskar ƙirjinsa suke yi: su kumbura daga ciki, su tara majina, naman da ke kewaye da su ya matse. Shuɗiyar, wato salbutamol da aka fi sani da Ventolin, tana sassauta matsewar cikin 'yan mintuna, amma ba ta taɓa kumburin. Mai ruwan ƙasa, galibi beclomethasone, ita ce ke kwantar da kumburin a hankali, shi ya sa ake shaƙarta kowace rana ko yana lafiya lau, sannan a kuskure baki. Nan ne iyaye suka fi tuntuɓe: da yaro ya samu sauƙi sai a ajiye ta, hunturu na shigowa a kwana a asibiti.

Sai yadda ake shaƙa, wanda a ganina ya fi komai. Yara da yawa a harshe suke fesa maganin, huhu bai samu komai ba, a ce magani ba ya aiki. Abin da ke gyara wannan shi ne bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki. Idan ba ki samu na kanti ba, gorar ruwa ta roba mai mililita 500 ta wadatar; likitocin yara a Kef Taun ta Afirka ta Kudu sun gwada ta, suka ga tana aiki kamar na saye. A huda gindinta daidai bakin inhela yadda iska ba za ta tsere ba, a wanke da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta ba a goge ba. Ya girgiza inhela, ya kama bakin gorar da leɓe, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi sau biyar a natse. Kada ki tambaye shi "ka gane?", don kai kawai zai gyaɗa. Ki miƙa masa ki ce ya koya miki.

Ku zauna tare ku lissafa abin da ke tayar masa: ƙurar shara, hayaƙin itace da na janareto, igiyar sauro, turaren wuta, mura. Gidan sauro ya maye gurbin igiyar, a yayyafa ruwa kafin shara. Ƙwallo kuwa kada a hana shi.

Ya haddace alamomin haɗari uku, ke ma haka, malamin ajinsa ma haka: ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya numfashi, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko cikin leɓensa ya sauya launi. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi shuɗiyar ta gora, dannawa ɗaya bayan ɗaya har zuwa 10, a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Idan kuma yana buƙatarta fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinsa daga barci, ku dawo a sake duba maganin.

Batun kunya: ki je makarantar da kanki, ki bai wa malaminsa takarda ɗauke da sunan magani, yawan dannawa da lambar wayarki. Ki roƙi a bar inhelar a jakarsa, ba a ofishin hedimasta da ake kullewa lokacin tara ba.