Kafin ka sayi sabuwar kwamfuta don haɗa kiɗa a ɗaki

Saƙonnin wannan makon kusan duk na masu haɗa kiɗa a gida ne, kuma abu ɗaya suke tambaya da baki daban-daban: me zan saya? Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: "Malam, ina aiki da FL Studio a laftof mai RAM giga 8 da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Da zarar layukan kiɗa sun kai talatin sai sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf, wani lokaci ya tsaya cak. Wani abokina ya ce in sayar da ita in sayi sabuwa, wani kuma ya ce RAM kawai zan ƙara. Wanne zan bi?"

Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya tukuna, don a cikinsu babu wanda ya duba inda ciwon yake. Wannan ƙaraf-ƙaraf ɗin yana iya fitowa daga wurare huɗu, kuma biyu daga ciki ba sa bukatar ka ciro ko sisi.

Fara da direban sauti. Shiga saitin sauti na manhajar ka ga wanne aka zaɓa. Idan direban Windows na yau da kullum ne, to ba don wannan aikin aka yi shi ba. Abin da kake so shi ne ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg, masu Cubase, ya fito da shi don manhajar kiɗa ta yi magana da na'urar sauti kai tsaye. FL Studio na zuwa da nasa, akwai kuma ASIO4ALL na kyauta. A nan ne za ka ga wata lamba da ake kira bafa: 128, 256, 512, 1024. Ma'anarta ita ce yawan gutsattsarin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta miƙa wa kunnenka. Idan lambar ƙarama ce, kamar ka ce wa ma'aikaci ya riƙa kawo kaya da cokali yana gudu, da ya yi tuntuɓe sau ɗaya za ka ji ƙaraf. Lokacin miksin ka ɗaga ta zuwa 1024. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Idan ba ta ƙare ba, buɗe aikin da ya fi ba ka wahala, ka sa shi yana kaɗawa, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Duba layuka uku: furosesa, RAM da faifai. Wanda ka ga ya cika maƙil daidai lokacin da sautin ke kakarewa, shi ne mai laifi.

Idan RAM ne, wanda yawanci ke faruwa ga masu loda manyan tarin sautuka irin na Kontakt, goge da fiyano da ƙaho, to ka kai shi giga 16. Amma ka fara tabbatar laftof ɗin tana da gurbin ƙari, don wasu a like RAM ɗin yake da allon uwa, kuma ka sayi irin nata, DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5. Idan kiɗanka na na'urorin da ke ƙirƙirar sauti da lissafi ne, irin Serum, to furosesa suke ci, ko ka zuba giga 64 ba abin da zai sauya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Faifan kuwa, ko ba shi ne ya cika ba, ka sauya shi da SSD. Layin murya guda a 24-bit da 48 kHz, wato ma'aunin ingancin ɗaukar sauti, kilobait 144 kawai yake ja a sakan, layi arba'in ma bai kai megabait 6 ba, wanda tsohon faifai zai iya ɗauka. Inda yake gazawa shi ne nema: allurarsa sai ta yi ta kai da komo tana tsinto ƙananan fayiloli ɗaruruwa a wurare daban-daban. SSD ba shi da allura, ba abin da ke motsi a cikinsa, ko na SATA ma yana kai kusan megabait 550 a sakan. A duk gyaran da ake yi wa tsohuwar kwamfuta, ban ga wanda ke biyan kuɗinsa kamar wannan ba.

Saura furosesa. Kafin ka yanke mata hukunci, juya laftof ɗin ka saurari fanka. Na taɓa cire rai da wata kwamfutata, har na fara neman mai saye. Da aka kwance ta, sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar ɗan guntun bargo, sai da aka zaro ta da tsinke. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, in ta ji zafi rage gudu take da kanta don kada ta ƙone. Aka share, aka sabunta man sanyaya da ke kanta, na ƙara shekara biyu da ita. Ka kuma riƙa aiki tana jone da caja, ka sa saitin wuta a kan cikakken ƙarfi. Sannan layin da ka gama da shi ka mayar da shi fayil ɗin sauti, ka kashe filogin ɗin da ke kansa, wato ƙananan manhajojin sarrafa sauti da ka ɗora masa.

Idan ka yi duk wannan ba ta daina ba, abokinka na farko ya yi gaskiya. Wajen sayen, kada yawan ƙwayoyin furosesa, wato sassanta da ke raba aiki a tsakaninsu, kaɗai ya ja ka. Filogin goma da ka jera a kan layi ɗaya bi da bi ake lissafa su, na biyu na jiran na farko, don haka saurin ƙwaya guda yana da nauyi sosai. In kuma ta hannu za ka saya, ka tuna Microsoft ta rufe tallafin da ta saba ba Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida, in furosesar Intel ce, sai zubi na takwas zuwa sama. Kada araha ta sa ka ɗauko wadda aka riga aka bari a baya.

Tambaya: "Ni mawaƙiya ce, ina ɗaukar muryata da makirufo mai USB. Ina jin muryar a hedifon bayan na riga na furta, abin yana ɓata mini bin kiɗa. Kuma ƙarar waje duk tana shiga. In sayi makirufo mai tsada?"

'Yar'uwa, matsala biyu ce kika haɗa, kuma makirufo mai tsada zai iya ƙara ta biyun muni.

Jinkirin daga bafar nan da na ambata yake. A 48 kHz, bafa 128 tana ɗaukar milisakan 2.7, ita kuwa 1024 tana ɗaukar 21, kuma sautin sai ya shiga ya fito, don haka abin da kike ji ya haura ninki biyu. Sauti na tafiya kusan mita 343 a sakan, wato milisakan 40 kamar muryarki ce ke dawo miki daga nisan mita 14. Ba mai iya waƙa haka. Lokacin ɗauka ki saukar da bafa zuwa 128 ko 64, ki kashe filogin masu nauyi.

Maganin dindindin shi ne sawun kad na waje, wato akwatin da ke haɗa makirufo da hedifon da kwamfuta, irin Focusrite Scarlett ko Audient ko MOTU. Ki nemi mai maɓallin sauraro kai tsaye, wanda ke tura muryarki daga makirufo zuwa hedifon ba tare da ta ratsa kwamfuta ba. Mai baki ɗaya ko biyu ya ishe ki. Mai baki takwas na masu ɗaukar ganguna ne, ke biyan kuɗin ramuka za ki yi waɗanda ƙura ce kawai za ta shige su. Sai dai ki sani makirufonki na USB ba zai shiga wannan akwatin ba, sai mai bakin XLR, wato bakin nan mai ƙafa uku.

A nan ne zaɓin yake. Makirufo kondensa, wanda ke bukatar wutar bolt 48 daga sawun kad, kunne gare shi kamar na zomo. Zai ɗauko laushin numfashinki, zai kuma ɗauko fanka da takun mai wucewa da amsa-kuwwar bango. A ɗakin da ba a gyara ba na fi ba da shawarar dainamik, wanda ake waƙa baki daf da shi, muryar ta danne sauran. Shure SM58 tun 1966 ake yin sa, har yau ana ɗaukar murya mai kyau da shi. Mutane na son SM7B saboda suna, amma yana bukatar ƙarin ƙarfi har kusan desibel 60, wanda ba kowane ƙaramin sawun kad ke bayarwa ba tare da shuu ba. Hedifon kuma rufaffe za ki sa lokacin ɗauka, in ba haka ba kiɗan zai zubo cikin makirufo.

Tambaya: "Miksin ɗina yana daɗi a ɗakina, amma in na sa a mota bas ya yi yawa har ya rufe murya. Ina da lasifika mai inci 5, ina tunanin ɗaukar mai inci 8."

Ƙanena, ajiye kuɗin nan. Lasifikarka ba ta yi maka ƙarya ba, ɗakinka ne ya yi.

Yi wannan gwajin yau. Sa sautin bas ɗaya tsayayye, kamar 60 Hz, ka tashi ka zagaya ɗakin a hankali. A lungu za ka ji shi har cikin haƙarƙari. Ka zo wani wuri, sau da yawa wajen tsakiya, ka ji kamar an zare waya. Lasifika ɗaya, ƙara ɗaya. Dalili kuwa sautin ƙasa doguwar igiya gare shi, ta 100 Hz ta kai mita 3.4, sai ta daki bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. Kowane ɗaki yana da nasa: raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Mai mita 4 zai ba ka 43 Hz, mai mita 3 zai ba ka 57, sannan ninkinsu na biye. In kujerarka ta faɗa inda bas ke mutuwa, za ka yi ta ƙara shi kana cewa bai fito ba, sai mota ta tona asiri. Lasifika mai inci 8 ƙara zuba bas za ta yi cikin ɗakin da bai iya riƙe na mai 5 ba.

Gyara na farko kyauta ne. Fuskanci gajeren bango, kada ka zauna tsakiyar ɗaki daidai, kada kuma ka jingina da bangon baya. Tazarar da ke tsakanin lasifika biyu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa kanka, ƙaramin bakin na sama yana saitin kunnenka. Sannan ka zauna, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Inda ka hango lasifika cikin madubin, nan sauti ke fara dawowa, nan za ka rataya abin shanye sauti.

Abin shanyewar kuma ba siririn soson nan mai tudu-tudu ba, balle kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa. Waɗannan sautin sama kawai suke taɓawa, su bar ɗaki a dushe, bas na nan yana yadda ya ga dama. Ka nemi audugar dutse ko ta gilashi mai kaurin santimita 10, a sa a firam ɗin katako a rufe da yadi, masu kauri sosai kuma su tsaya a lunguna. In kana son gani da ido, akwai manhajar kyauta Room EQ Wizard da ke zana maka tudu da kwarin ɗakinka. Kafin nan, ka saba gwada miksin ɗinka da waƙar da ka san sautinta a ko'ina, ka kuma duba bas a hedifon mai kyau. Lasifikar Yamaha NS-10 ta 1978, mai farin baki, ba don daɗin sauti ta cika manyan situdiyo ba. Injiniyoyi sun san halinta ne ciki da bai.

Tambaya: "Mac ko Windows?"

Wace manhaja hannunka ya saba da ita? Logic Pro ta Apple ce, ba ta aiki a Windows. FL Studio, Ableton Live, Cubase da Reaper suna aiki a duka biyun, kuma mai sauraro ba zai taɓa gane a wacce aka haɗa waƙa ba. Na'urorin Apple tun daga M1 na 2020 ba su da hayaniya, batirinsu na jimawa, amma RAM ɗinsu ba ya ƙaruwa bayan saye, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Kada ka ɗauki ƙasa da giga 16. Kafin ka yi ƙaura, ka bi filogin ɗinka ɗaya bayan ɗaya ka ga ko suna da zubin da ke aiki a can, musamman tsofaffin.

Tambaya: "Malam, lasifikata tana wani zuuu a hankali, in na motsa linzamin kwamfuta har ƙara take sauyawa. Mai sayarwa ya ce in ɗauki sawun kad mai 192 kHz."

Ranka ya daɗe, lambar 192 ba ta da alaƙa da wannan ƙarar. Faifan CD a 44.1 yake, fim a 48, kuma ɗauka a 24-bit da ɗaya daga cikinsu ta wadatar. In ka koma 192, fayil zai ninka huɗu, furosesa ta sha wuya, zuuu ɗin kuma yana nan, sai dai a ɗauke shi da kyau.

Zare cajar laftof ka saurara. In ƙarar ta ɗauke, wuta ce ke zagayowa ta wayoyin ƙasa. Jona kwamfuta da lasifika da sawun kad a soket ɗaya. Sannan duba kebul ɗin da ke zuwa lasifika: in kan jak ɗin zobe baƙi ɗaya gare shi, irin na gita ne, sauya shi da mai zobe biyu, wato TRS, ko XLR. Waɗannan suna ɗauke da sautin a waya biyu, ɗaya a juye, don haka ƙarar da ta shiga a hanya tana kashe kanta a ƙarshe. Raba kebul ɗin sauti da na wuta, in dole su haɗu su gitta juna. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne karya ƙafar ƙasa ta filogin wuta, ko da wani ya rantse maka yana aiki. Ita ce ke tsakaninka da jan wuta ranar da wani abu ya lalace a cikin lasifikar. In bayan duk wannan ƙarar ba ta tafi ba, rubuto mini sunan sawun kad ɗin da yadda ka jona komai, daga soket har lasifika.