Amsar Mama kan rabuwar Zumuntar Mata (muryar WhatsApp)

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina kwananku? To, 'yata, na saurari saƙonki na jiya da dare har sau biyu. Kin ce tun da aka yi zaɓen shugabannin Zumunta kuka rabu gida biyu, waɗansu na zama a dama, waɗansu a hagu, ko shantu da tulun kiɗa ba a miƙa wa juna. An faɗa miki magana mai zafi a gaban mata, kuma kina tambaya: tawali'u shi ne ki yi shiru a taka ki?

A'a 'yata, ba shi ba ne. Manzo Bulus kansa, da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, gari ya waye aka ce shi da abokinsa Sila su fita daga kurkuku a ɓoye, ya ce sam, sai mahukunta sun zo da ƙafarsu sun fitar da su. Yana nan Ayyukan Manzanni sura 16. Faɗin gaskiya ba girman kai ba ne.

Amma ki tsaya a Filibin nan tukuna. Wace ce ta fara ba da gaskiya a garin? Lidiya ce, mai sayar da tufafin shunayya, cikin matan da ke taruwa addu'a a bakin kogi ran Asabar. Kin ga ke nan kamar zumuntar mata ce tushen ikkilisiyar. To, a ikkilisiyar nan ce mata biyu suka saɓa, Afodiya da Sintiki, har labari ya iske Bulus a kurkuku. Kuma ba 'yan ɗumama benci ba ne, Bulus ya shaida sun yi fama tare da shi cikin aikin bishara. Abin da ke taɓa ni a wasiƙarsa ga Filibiyawa sura 4, bai ce wance ce mai laifi ba. Ya roƙi wannan, ya roƙi waccan, ya kuma sa wani ya taimake su. A wasiƙar nan ɗin dai, sura 2, ya ce kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi, ya nuna Almasihu da ya ɗauki siffar bawa har mutuwar gicciye.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona. Shekarun baya na je wurin ƙanwata a Adamawa, ita 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ikkilisiyar da ta faro a Garkida a 1923. Su har yau suna wanke wa juna ƙafa, kamar yadda Yesu ya yi a Yohanna 13. Aka kawo baho da ruwa. Wata tsohuwa, gwiwa ma da ƙyar take lanƙwasuwa, ta ɗaura tawul a ƙugu, ta durƙusa gaban wata yarinya sa'ar jikarta. Ƙafar duk ƙura da kaushi. Ta wanke har tsakanin yatsu, ta share, yarinyar sai hawaye. Da muka fito ƙanwata ta raɗa mini cewa an fi wata shida gidajen nan biyu ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Ni da na je baƙunta, sai da na rasa inda zan sa fuskata, don na tuna wadda na bari a gida muna gaba. Ku tuna kuma, daren nan na Yohanna 13, har ƙafar Yahuza, wanda ya bashe shi, Yesu ya wanke, yana sane da abin da ke zuciyarsa.

Mu da yarenmu ya bambanta, Hausa ta tara mu a sujada tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da ita a 1932, yanzu kujerar ma'aji ce za ta mai da mu "namu" da "nasu"? Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Saboda haka 'yata, kada ki jira wadda ta faɗa miki maganar ta zo. Matiyu 18 aya 15 ta ce ki je ki same ta, ke da ita kaɗai. Kada ki rubuta a nan, kada ki aika a faɗa mata. Ki gaya mata maganar ta ƙona ki, in kuma akwai naki laifin ki ambata shi tukuna. In ta ƙi ji, ki kira ni, ranar Talata bayan Zumunta sai mu tafi tare. Yau da dare zan sa ku biyun cikin addu'a. A gaida yara.